Injiniya Ghali da Kwamfutar Kawu Balarabe

Duk Tiga babu wanda bai san Ghali ba, don ko ba ka san shi ba, shi zai tare ka a hanya ya sanar da kai. Gyaran injin ban ruwa yake yi, kuma tsakani da Allah, in inji ya ƙi jan ruwa yana da hannu. Abin da ya ɓata shi, bakinsa ya fi hannun nasa ƙwazo. A jikin rumfarsa da ke bakin titi ya sa an rubuta da jan fenti: INJINIYA GHALI, LIKITAN DUK WANI ABU MAI NOTI. Da wannan allo ya karɓi rediyo uku, da agogon masallaci, da keken ɗinkin wata baiwar Allah, kuma babu ɗaya da ya koma gida da ransa.

Wata Laraba da hantsi direban bas ɗin Kano ya tsaya a gaban rumfar ya miƙo masa ɗan kwali.

"Saƙon Malam Balarabe ne, 'yarsa Nusaiba ta bayar. Tunda kawunka ne, ka miƙa masa."

Motar ba ta gama shan kwana ba Ghali ya farke kwalin. A ciki akwai wani abu baƙi, siriri, bai kai wayar hannu nauyi ba, da 'yar takarda a naɗe. Ya warware ya karanta: "Baba, ga SSD ɗin da na ce zai sa kwamfutarka ta yi sauri. A ajiye shi sai na zo ranar Asabar. Kada kowa ya taɓa. Musamman Ghali."

Wannan "musamman" ita ta fi ci masa rai. Nusaiba taubashiyarsa ce, tun suna yara ba ta raga masa, kuma tun da ta tafi birni karatun kwamfuta abin ya ƙaru. Ya ninke takardar ya tura aljihu, ya saɓa hularsa, ya nufi gidan kawun nasa.

Malam Balarabe tsohon hedimasta ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana rubuta tarihin ƙauyensu, wanda ruwa ya shanye lokacin da aka yi dam. Ya bi tsofaffi gida-gida daga Bebeji har Doguwa, ya ji daga bakinsu, ya dawo ya buga da yatsa biyu. Yawancin tsofaffin nan sun riga mu gidan gaskiya. Takardun da ya fara rubutu a kai gara ta cinye, don haka duk abin da ya tara yana cikin tsohuwar kwamfutarsa ta ɗorawa a cinya. Ita kuwa tsufa ya kama ta. In ya kunna ta bayan sallar asuba, sai ya karya kumallo ya dawo ya tarar ba ta gama buɗe ido ba.

Ghali ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, sannan ya ɗaga baƙin abin nan sama.

"Kawu, kayan aiki sun iso. Nusaiba ta ce in fara kafin ta zo."

Malam Balarabe ya sauke tabarau. "Nusaiba ce ta ce kai?"

"Da hannunta ta rubuta sunana. Har da musamman ta sa a gaba."

"Ghali, ka dubi Allah. Duk abin da ya rage na garinmu yana cikin abin nan. Ba ni da shi a ko'ina."

"Haba Kawu! Ni ina ruwana da rubutu? Inji zan taɓa. Wanda ya farke inji mai doki bakwai ya mayar, ɗan wannan faranti ne zai gagare shi?"

Tsohon ya dubi kwamfutarsa. Zai tafi ta'aziyya Doguwa a ranar, sai Juma'a da yamma zai dawo, kuma bai taɓa zaton ɗan 'yar'uwarsa zai dubi idonsa ya shara masa ƙarya ba. Ya miƙa kwamfutar da hannu biyu, yana ta maimaita a bi a hankali.

Kafin la'asar labari ya gama gari, don Ghali da kansa ya kai shi teburin Faruk mai shayi, maƙwabcin rumfarsa.

"Ranar Asabar da hantsi za a buɗe sabon sashe. Kowa ya zo. Kafin yarinyar nan ta sauko daga mota na gama. Daga nan sai reshe a Kiru, reshe a Tudun Wada. Mutanen Kano ma su za su riƙa zuwa nan."

Faruk yana fifita wuta ya ce, "Injiniya, ka taɓa kunna kwamfuta kuwa?"

"Likita sai ya taɓa haihuwa yake karɓar haihuwa?"

Ranar Alhamis aka fara tiyata. Ghali ya shimfiɗa buhu, ya kife kwamfutar a kai, ya jera sifana da filaya da guduma. Masu jiran mota da masu dawowa daga lambu suka kewaye shi. Ya ɗauko sukundirebarsa mafi ƙanƙanta, ya ga kanta kaɗai ya fi notin girma sau uku. Ya gwada wuƙa, ta zame. Daga ƙarshe da tsinin reza ya kwance su, noti tara, kowanne bai fi ƙwayar gero ba. Ya zuba su a murfin kwano ya ajiye a ƙasa, ya juya yana yi wa jama'a bayani.

Yana cikin bayanin kazar Halima mai awara ta zo wucewa. Ta leƙa murfin, ta ga abin da ta ga, ta sa baki.

"Kai! Kai! Kaza! Ku tare ta!"

Kafin a kore ta ta haɗiye biyar. Ghali ya bi ta da gudu har gindin kaskon uwar ɗakinta.

"Halima, a kawo wuƙa. Kayan gwamnati ne a cikinta."

Halima ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wace gwamnatin? Taɓa ta ka gani. Kaza mai ƙwai goma sha biyu za ka yanka saboda ka zuba mata tsaba?"

"Noti ne, ba tsaba ba!"

"To ita makanike ce da za ta bambance? Ka jira ta. Abin da ya shiga ai zai fito."

Haka Injiniya ya wuni yana bin kaza da faifai. Ta shiga kwata ya bi ta, ta hau juji ya bi ta, duk inda ta tsuguna sai ya tsuguna da tsinke yana tonawa. Mata suna leƙowa ta katanga suna yi masa sannu da kiwo. Har rana ta yi sanyi bai samu ko ɗaya ba.

Ya dawo rumfa ya ce ai dama notin sun yi yawa, masu ƙera abin ɓarna kawai suka yi. Ya ɓalle murfin ƙasan, ya zaro tsohon abin da ke ciki, wani ɗan akwatin ƙarfe mai nauyi, ya zura sabon a gurbinsa. Ikon Allah, ya zauna daram. Wannan kaɗai ne abin da ya yi daidai a duk makon, shi ma don ramin ɗaya ne, babu inda zai ɓata.

Sai ya juya kwamfutar ya ga maɓallan rubutu sun yi baƙi da dattin yatsun shekara goma sha ɗaya. Makanike kuwa ba ya mayar da kaya da datti. Ya tsoma tsumma a gwangwanin fetur ya murza da ƙarfinsa. Dattin ya fita, haruffan ma suka bi shi.

Faruk ya leƙo. "Injiniya, ina baƙaƙen suka tafi?"

Ghali ya dubi maɓallan nan fes, babu ko ɗigo. Gumi ya karyo masa, amma bakin bai mutu ba.

"Ni na cire su. Kai ba ka lura a hargitse suke ba? Wannan a gabas, wancan a yamma. Shi ya sa Kawu ya shekara goma sha ɗaya bai gama ba, nema yake yi."

Ya samo farin fenti da tsinken tsintsiya, ya zauna ya rubuta su a jere yadda aka koya masa a aji ɗaya, A, B, C, D, har ƙarshe. Maɓalli uku suka yi saura, ya zana musu tauraro. Da notin huɗu suka kasa riƙe murfin, ya yanko robar tayar babur ya ɗaure kwamfutar tamau ta tsakiya, irin ɗaurin da yake yi wa tiyo mai yoyo.

Tsohon akwatin ƙarfen kuwa, ƙa'idar sana'a aka bi da shi. Duk makanike ya san abin da aka cire ya mutu, wurinsa bayan rumfa. Ghali ya wurga shi kan tarin matattun fulogi da fasassun fanka. Ranar Juma'a da safe Maikano ɗan gwangwan ya zo daga Yako da buhunsa da ma'auninsa ya kwashe tarin. Har ya ɗaure buhu, Ghali ya hango akwatin ya gangara gefe, ya ɗauka ya cilla masa.

"Ungo gyara. Na Turai ne."

Faruk ya ce ya kamata dai a kunna a gani kafin gobe. Ghali ya ce shi ba ya tayar da injin da ya gyara sai a gaban mai shi, masu shakkar aikinsu ke gwaji a ɓoye.

Asabar da hantsi aka jera bencina. Masunta suka zo, 'yan lambu suka zo, har da ma'aikatan ruwa biyu da suka ce wucewa suke yi amma suka zauna. Ghali ya sha shadda ruwan toka, ya rufe kwamfutar da sabon tawul a kan tebur. Malam Balarabe yana zaune a gaba, yana ta kallon tawul ɗin. Ana haka bas ɗin Kano ta tsaya, Nusaiba ta sauko da jakarta. Ta dubi taron, ta dubi mahaifinta, ta dubi Ghali.

"Wa ya mutu?"

"Jahilci," in ji Ghali. "Zauna ki ga aikin manya."

Ya yaye tawul. Nusaiba ta ga robar taya, ta ga A, B, C, D, ta dafe ƙirji ta nemi benci. Ghali ya yi bisimilla da ƙarfi ya danna. Kafin ƙiftawar ido fuskar kwamfutar ta kawo baƙi wuluk, da layi ɗaya na Turanci a can sama.

"Allahu akbar! Kun ga sauri? Da fa sai an sha koko an dawo!"

Jama'a suka fara tafi. Malam Balarabe ya matso da tabarau. "To ina rubutun nawa?"

"Yana zuwa, Kawu. Sabon inji ne, sai an ɗan ba shi ruwa kafin ya ja."

Ya kai hannu ga buta. Nusaiba ta yi tsalle ta fizge ta.

"Ruwa za ka zuba mata? Ghali, ka san abin da layin nan yake cewa? Cewa yake babu komai a ciki. Wayam!"

"To ai sabo ne."

"Sabo ne mana! Abin nan rumbu ne. Duk rubutun Baba yana cikin tsohon. Sai an kwashe hatsi daga tsohon rumbu an zuba a sabo, shi ne aikin da na zo yi. Ba ni tsohon, yanzu in gyara ɓarnarka."

Ghali ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya gyara hula.

"Wane irin tsoho?"

"Wanda ka cire."

"Wai ɗan ƙarfen nan? Yana nan. Yana wuri mai kyau."

Faruk ya ɗaga murya daga teburinsa. "Yana Yako. Gyara aka bayar da shi."

Malam Balarabe ya miƙe, ya dafa kafaɗar 'yarsa. Ganin haka ya sa dariyar da ta taso ta koma ciki, don duk wanda ke wurin ya ji tausayin tsohon nan. Sai wani ya ce a tafi Yako mana, me ake jira?

Babur bakwai suka tashi. Ghali ya ce shi zai ja gaba don ya san hanyar yanke. Hanyar yanken ta kai su bakin wani rafi da ruwan damina ya cika, aka juyo. Ba a yi nisa ba babur ɗinsa, wanda shi yake gyara abinsa, ya yi tari biyu ya mutu. Aka jingine shi a gidan wani manomi, aka ɗora Injiniya a bayan mai kifi, a kan kwandon, shaddar nan tana shan ƙarni.

A Yako suka sami Maikano a filinsa, yana zaune a tsakiyar tulin ƙarafa da guduma a hannu. Da ya ga babura sun yi masa ƙawanya ya miƙe.

"Lafiya? Ni ba na sayen kayan sata."

Nusaiba ta gaishe shi ta kwatanta masa akwatin. Maikano ya washe baki.

"Au, gyaran Injiniya! Kai, abin nan ya ba ni wuya. Sai da na yi masa guduma shida ya buɗe."

Nusaiba ta runtse ido. "Guduma shida."

"Ko bakwai. Ƙarfen bayan na jefa a buhun da ya tafi Kano jiya. Akwai mayen ƙarfe a ciki, mai ƙarfin tsiya, na ba tela yana tsintar allura da shi."

"Faifan fa? Akwai ɗan faifai mai ƙyalli."

"Madubin? Har na duba haƙorina a ciki. Baffa Dikko na Ba'awa ya gani ya ce yana so, na ba shi."

Ghali ya sauko daga kan kwando yana kaɗe riga. "Kun ji ko? Faifan yana nan lafiya. Sauran duk kwali ne. Ni dama na san inda rubutun yake, shi ya sa ban damu ba."

"Rufe mana baki, bawan gidanmu," in ji Nusaiba. A hankali ta ce wa mahaifinta, "Baba, kada ka sa rai. Faifan nan ko ƙura ba ya so, balle guduma."

"Mu je dai in gan shi," in ji tsohon.

Daga Yako babura sun zama goma sha biyu, don duk wanda ya ji labarin sai ya ce ba za a ƙarasa babu shi ba. Suka isa Ba'awa rana ta take tsaka, aka nuna musu fadamar Dikko. Shinkafa ta yi kai, ta fara ja, tsuntsayen janbaki kuwa sun yi dafifi a kan itatuwa suna jiran sa'a. An ja igiyoyi a kan gonar an rataya gwangwanaye da tsummoki. A can tsakiya, a kan dogon kara, wani ɗan abu yana juyawa a iska yana walƙiya.

Dikko, wani dattijon Bafulatani mai farin gemu, ya taso daga inuwa da sandarsa. Aka gaisa, aka tambayi iyali da shanu, sannan Malam Balarabe ya nuna karan.

"Malam Dikko, wancan abin nawa ne. Aikin shekara goma sha ɗaya ne a ciki."

Dikko ya dubi abin, ya dubi Malam. "A cikin madubin? To wallahi aikin ya yi kyau. Tun jiya da na rataya shi ko tsuntsu ɗaya bai sauka a tsakiyar nan ba. Yarana uku ba su yi mini abin da ya yi ba."

Ghali ya ga jama'ar gari uku a tsaye, ya ga dama ta dawo. Ya naɗe ƙafar wando.

"Kawu, kwantar da hankalinka. A gaban kowa zan dawo maka da rubutunka, harafi bai ɓace ba."

"Kada ka tattake mini shinkafa!" in ji Dikko.

Ina, ya riga ya faɗa. Taku uku laka ta riƙe takalminsa na dama, taku biyar ta karɓe na hagu. Ya kai hannu zai kama karan, karan ya karye, shi da shi suka kwanta. Ya taso baƙi ƙirin tun daga hula har ƙafa, amma faifan yana hannunsa, ya ɗaga shi sama. 'Yan Yako suka yi masa tafi.

Da ya fito ya ga laka ta ɓata faifan, sai ya debi yashi ya dirje shi sosai, ya goge a hular wani. Nusaiba ta ɗora hannu a ka. Ghali ya karɓi kwamfutar daga hannun Faruk da ya taho da ita, ya danna ɗan maɓallin gefe, farantin saka faifan fim ya turo kai, robar taya ta tare shi. Ghali ya ja shi da ƙarfi, ya ɗora ɗan faifan a tsakiya.

"Ghali, ba nan ake sa shi ba!"

"Faifai ne, ga gidan faifai. Karatun naku har ya kai ku musun abin da ido ke gani?"

Ya tura farantin, ya ƙi shiga. Ya sa gwiwa ya danna. Aka ji ƙurrr, aka ji ƙaƙas, sai robar nan ta tsinke ta zabga masa mari a hanci, tas! Murfin ƙasa ya faɗo, Nusaiba ta cafe kwamfutar kafin ta kai ƙasa. Faifan kuwa ya yi tsalle ya gangara kan kunya, ya yi ƙyalli sau ɗaya, ya faɗa cikin ruwan rafin da ke gefen gonar, inda ya fi zurfi.

Ghali yana riƙe da hanci ya ce, "Ai dama..."

"Ghali." Muryar Malam Balarabe ba ta tashi ba, amma kowa ya ji. "Garinmu ruwa ya ci shi ina ɗan shekara goma sha biyu. Yau ga labarinsa ya bi shi, ina kallo. Mutum arba'in da ɗaya na zauna da su. Talatin a cikinsu ba zan ƙara jin muryarsu ba. Raina ya ɓaci, Ghali, ban taɓa jin ɓacin rai irin na yau ba."

Ya zauna a kan kunya ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Ghali ya sunkuyar da kai.

Sai Dikko ya matso. Ya nuna gonarsa da sanda, inda janbaki suka fara sauka tun da ƙyallin ya ɓace.

"Ni kuma fa? An karya mini kara, an tattake mini kunya biyu, an jefar mini da mai gadi. Saura kwana goma sha takwas a yanke shinkafar nan. Wa zai tsaya mini?"

Babu wanda ya yi shawara da wani, amma duk ido ya koma wuri ɗaya.

"Ni? Ni injiniya ne fa!"

"Shi ya sa," in ji Nusaiba. "An cire tsohon mai gadi, an sa sabo mai sauri. Ga murya, ga baki ba ya gajiya. Baffa, ko abinci ba sai ka ba shi da yawa ba."

Malam Balarabe ya ɗaga kai. "Kwana goma sha takwas. In ka taka Tiga kafin nan, ni da kai ne."

Aka miƙa wa Ghali gwangwani da tsakuwa a ciki. Ya koma cikin laka yana jan ƙafa, jama'a suna yi masa Allah ya ba da sa'a. Dikko ya zauna kusa da Malam, ya tambaye shi wai wane gari ne wannan da ake ta magana. Malam ya gaya masa.

Dikko ya dafe baki. "Kai! Mai rijiya biyu a gindin tsamiya? Ai a nan muke mashekari ina yaro. Shekara tara muna sauka a bayan gidan sarkin ƙira. Ni na san ranar da aka haƙa ta biyun, saniyarmu ce ta faɗa ta farkon."

Malam Balarabe ya mayar da tabarau a hankali. "Saniya? Duk cikin mutum arba'in da ɗaya babu wanda ya gaya mini dalilin haƙa ta biyun."

"Su manoma ina za su sani? Mu muka ja ta da igiya. Yayata tana nan da rai a ruga, ta fi ni riƙe sunaye. Har waƙar da matan garin suka yi wa saniyar tana iya rera maka."

Malam Balarabe ya shafa aljihu ya zaro biro. Nusaiba ta buɗe jaka ta yago masa takardu daga littafinta. Ya ɗora a gwiwa, ya rubuta bisimilla a sama.

"Faɗa mini tun daga farko, Malam Dikko. A hankali."

Daga tsakiyar gona sai ga muryar Ghali, laka har gira.

"Kawu! Ka gani ko? Da ban ba Maikano abin nan ba, a ina za ka haɗu da Baffa Dikko? Ni fa tun farko da lissafi na yi!"

Malam Balarabe bai ɗago daga takardar ba.

"Tsuntsu, Ghali. Ga su can a bayanka."